Yadda ake auna diyod ɗin Zener ta gaba da ta baya

Wani yaro da ke koyon gyara a wurina ya taɓa ciro diyod ɗin Zener, irin wanda ake sakawa don ya riƙe boltej wuri ɗaya, daga allon wata caja, ya murɗa mita zuwa alamar diyod, ya ɗora ta gaba ya ga 0.7, ya juya ta baya ya ga OL, alamar wuta ba ta wuce ba. Sai ya ɗago kai ya ce, "Oga, wannan lafiyarsa ƙalau." Ya mayar da shi ya liƙe da dalma, caja kuwa ta ci gaba da ciwonta. Da muka sake ciro shi muka ba shi wuta yadda ya kamata, diyod ɗin da aka rubuta bolt 12 a jikinsa tun wajen bolt 7 ya fara zubar da wuta.

Yaron bai yi kuskuren karanta mita ba. Mitar ce ba ta kai inda aikin Zener yake ba. A wurin gwajin diyod, yawancin mitoci kwararar da suke turawa ba ta wuce miliamfa ɗaya ko kusa da haka, boltej ɗinsu kuma bolt biyu ne zuwa uku. Wannan ya isa ya buɗe ƙofar gaba, amma Zener ta baya yake aiki, a bolt 5.1 ko 12 ko 24. Mita ta tsaya a bakin zaure ta ce ta ga cikin gida.

Akwai magana ɗaya da nake so ta zauna maka tun yanzu, domin duk awon da za mu yi a kanta ya dogara: lambar da ke jikin Zener alkawari ce mai sharaɗi. Kamfani cewa ya yi za ka samu bolt kaza idan ka tura kwarara kaza, a zafi kaza. Duk wanda ya rubuta boltej bai rubuta kwararar da ya same shi da ita ba, rabin awo ya yi.

Abin da ke faruwa a cikinsa

Sunan ya samo asali daga Clarence Zener, masanin kimiyya ɗan Amurka, wanda a 1934 ya bayyana yadda ƙarfin filin lantarki ke sa abin da ba ya wuce da wuta ya fara wucewa da ita. Diyod na yau da kullum ma yana ɓallewa ta baya idan boltej ya yi yawa, sai dai ba a gina shi don haka ba. Zener kuwa da gangan aka ƙera shi ya ɓalle a wani boltej sananne, ya kuma zauna a wurin ba tare da ya lalace ba, muddin zafi bai fi ƙarfinsa ba.

Hanyar ɓallewar iri biyu ce, kuma za ka ga bambancinsu da idonka a awo. A diyod ɗin ƙasa da bolt biyar, mahaɗar silikon ɗin siririya ce ƙwarai, har ƙwayoyin lantarki na iya kurɗawa ta cikinta kai tsaye. Wannan shi ne ainihin abin da Zener ya bayyana. Sama da bolt shida kuwa zaftarewa ce: ƙwaya ɗaya ta yi gudu ta banke wasu, su ma su banke wasu, kamar gaɓar rafi da ruwa ya ci ƙasanta. Tsakanin biyar da shida duka biyun na aiki tare. A kasuwa duk Zener ake ce musu.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar na'urar ba da wuta wadda ake murɗawa daga sifili zuwa bolt 15 aƙalla, wadda masu gyara ke kira fawa saflai. Idan za ka auna Zener na bolt 12 ko sama, ta kai 30. Sai mita ɗaya ko biyu, da allon gwaji mai ramuka ko wayoyi masu maƙalli, da rezista huɗu: om 100 mai wat ɗaya, da kilo'om 1, da 10, da 100. Ka auna kowace rezista da mita ka rubuta ainihin ƙimarta, domin wadda aka ce 100 ce tana iya zama 97 ko 104, kuma da ita za ka lissafa kwarara. Sai biro da takarda, da takardar bayanan diyod ɗin daga kamfanin da ya yi shi, wadda ake samu a intanet da zarar ka rubuta lambarsa.

Idan ba ka da saflai mai murɗawa, aikin bai tsaya ba. Batir na bolt 12, ko batira biyu na bolt 9 a jere, da tarin rezista masu ƙima daban-daban za su ba ka maki isassu: kowace rezista kwarara ɗaya. Amma in batir na mota ko na sola ne, sai ka sa fis ƙarami daf da kansa, domin irin wannan batir kan narkar da waya nan take idan ta haɗe.

Zan yi misali da 1N4733A, domin ana yawan cin karo da shi. Bolt 5.1 ne, wat ɗaya, kuma harafin A na ƙarshe yana nufin sassaucin kashi 5 cikin ɗari, wato daga kusan 4.85 zuwa 5.36 duk daidai ne. Kwararar gwajinsa, wadda takarda ke rubutawa Izt, miliamfa 49 ce. Dubi 'yan uwansa: 1N4742A mai bolt 12 ana gwada shi a miliamfa 21, 1N4728A mai bolt 3.3 kuma a miliamfa 76. Ka ninka kowanne da boltej ɗinsa, za ka ga duk sun faɗa wajen kwatan wat. Ke nan a wannan dangin kamfani na gwadawa a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin diyod. Ƙananan masu rabin wat kuwa dabam ne: 1N5231B bolt 5.1 ne a miliamfa 20, BZX55C5V1 kuma a miliamfa 5. Diyod uku ke nan masu boltej ɗaya da sharaɗi uku.

Kafin ka kunna wuta

Ka nemo zoben da ke jikin diyod, yawanci baƙi a kan gilashi mai ruwan lemo. Gefen zoben shi ne katod, ɗaya gefen anod. Ka karanta rubutun da gilashin ƙara girma idan ya kama, domin 1N4148, wanda ba Zener ba ne, kamarsu ɗaya da ƙananan Zener, kuma shi sai can sama da bolt 75 yake ɓallewa. In diyod ɗin a kan allo yake, ka ɗaga ƙafa ɗaya tukuna, don kada sauran kayan da ke gefensa su shiga cikin awon.

Sannan ka lissafa iyakarka. Raba wat da bolt: wat ɗaya a bolt 5.1 ya ba da kusan miliamfa 196. Kada ka kusanci wannan. A Zener na bolt 5.1, ni a miliamfa 80 nake tsayawa da mai wat ɗaya, mai rabin wat kuma a 40. Babu abin da za ka koya a can sama wanda ya kai darajar diyod ɗin da za ka ƙona.

Kuma kada ka taɓa haɗa Zener da saflai babu rezista a tsakani. Da zarar ya kai boltej ɗinsa, ƙarin rabin bolt kan iya ninka kwarara sau goma ko fiye. Rezistar ce linzaminsa.

Awon gaba

Ka haɗa jan waya na saflai da rezistar kilo'om 1, ɗaya ƙafar rezistar da anod, katod kuma da baƙin waya. Saflai a sifili.

Ga dabarar da ke sa mita ɗaya ta wadatar. Maimakon ka yanka layi ka saka mita a wurin auna kwarara, ka auna boltej da ke kan rezista. A kilo'om 1, kowane bolt ɗaya miliamfa ɗaya ne. A om 100, kowane bolt ɗaya miliamfa goma ne. A kilo'om 10, kowane bolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na miliamfa. Na fi son wannan hanya ko da mitoci biyu ne a gabana, saboda mita a wurin kwarara ita ma tana cin nata ɗan boltej, kuma fis ɗinta na ƙonewa da kuskure kaɗan.

Kada ka riƙa ƙara boltej daki-daki kana jiran ka ga kwarara. Ka zaɓi kwararar da kake so, ka murɗa saflai har ka same ta, sannan ka mayar da mita kan ƙafafun diyod ka karanta. Da rezistar kilo'om 1 ka ɗauki miliamfa 0.1, da 0.2, da 0.5, da 1, da 2, da 5, da 10. Ka mayar da saflai sifili, ka sauya zuwa om 100, ka ɗauki 20 da 50. Mita ta kasance a zangon bolt 2, inda take nuna milibolt ɗai-ɗai, kuma ka maƙala bakinta a ƙafar diyod kanta, kusa da jikinsa.

Abin da za ka gani bai bambanta da na kowane diyod ɗin silikon ba. Ƙasa da rabin bolt kusan babu komai. Daga nan kwarara ta tashi da sauri, boltej kuwa yana jan ƙafa tsakanin 0.6 da 0.9. Ka duba ratar da ke tsakanin awon 0.1 da na 1, da kuma tsakanin na 1 da na 10. Duk ninki goma na kwarara yakan ƙara milibolt 60 zuwa 120 a zafin ɗaki. Idan ratar ta fara faɗaɗa a manyan kwarara, turjiyar jikin silikon da ta ƙafafu ce ta fara bayyana, kuma haka ya kamata. Takardar dangin 1N47, wato 1N4733A da 'yan uwansa, ta ce boltej ɗin gaba kada ya wuce 1.2 a miliamfa 200. Wanda ya nuna kusan sifili ta gaba ya yi shot, wato cikinsa ya haɗe kamar waya, wanda bai wuce da komai ba ya yanke. Zener da ya sha wuta fiye da kima ya fi yawan mutuwa da shot.

Iyakar abin da gaba za ta gaya maka ke nan.

Awon baya

Ka kashe saflai, ka juya diyod: yanzu katod mai zobe ne ke fuskantar rezista da jan waya, anod na kan baƙi. Layin baya yanki uku ne, kuma kowanne da irin kulawarsa: yankin yoyo kafin ɓallewa, da gwiwa inda layin ke lanƙwasawa, da yankin aiki inda ya miƙe.

Fara da yoyo, domin nan ne aka fi yin kuskure. Kwararar wurin ƙanƙanuwa ce, ana lissafa ta da maikro'amfa, wato kashi ɗaya cikin dubu na miliamfa. Takardar 1N4733A ta ce kada yoyonsa ya wuce maikro'amfa 10 a bolt 1, na 1N4742A kuma 5 a bolt 9.1, kuma lafiyayye yakan yi ƙasa da haka nesa. Matsalar ita ce mitar da ka ɗora kan diyod ita ma tana shan wuta. Mita mai kyau turjiyarta megom 10 ce, wato om miliyan 10, masu araha da yawa kuwa megom 1. A bolt 4, ta farko na shan maikro'amfa 0.4, ta biyu na shan 4. Idan kana auna kwarara alhali wata mitar na maƙale kan diyod, abin da mita ta sha za ka ɗora wa diyod, ka jefar da mai lafiya.

Maganin haka shi ne kada ka bar komai a kan diyod. Saka rezistar kilo'om 100, inda kowane bolt ɗaya maikro'amfa goma ne. Auna boltej ɗin saflai, auna na kan rezista, ka cire na biyu daga na farko: abin da ya rage shi ne na diyod. Idan yoyon ya yi ƙanƙantar da ba ya nunawa, cire rezistar gaba ɗaya ka saka mitar kanta a madadinta, a wurin auna boltej, a jere da diyod. Turjiyarta ta zama rezistarka: a mita mai megom 10, bolt ɗaya da ta nuna daidai yake da maikro'amfa 0.1. Kada ka riƙe ƙafafun diyod da yatsu a wannan awon, kuma ka goge ragowar man dalma da ke jikinsa, domin gumi da datti na wuce da wutar da ta fi yoyon da kake nema.

Sai gwiwa. Nan ne halin diyod ke fitowa, don haka ka yawaita maki. Da kilo'om 100 ka ɗauki maikro'amfa 10, da 20, da 50. Da kilo'om 10 ka ɗauki miliamfa 0.1, da 0.25, da 0.5, da 1. Da kilo'om 1 ka ɗauki 2, da 5, da 10. Daga miliamfa ɗaya zuwa sama kana iya ɗora mita kan diyod kai tsaye, abin da take sha bai kai a damu da shi ba. Ka riƙa murɗawa sannu a hankali, kana mayar da saflai sifili duk lokacin da za ka sauya rezista. Wanda ya cire kilo'om 10 ya saka om 100 alhali saflai na kan bolt 25, ya tura wa diyod kusan miliamfa 200, rezistar kuma za ta yi hayaƙi.

Idan kana da Zener na 3.3 da na 12, ka auna su duka a zama ɗaya, ka jera sakamakon gefe da gefe. Na 12 gwiwarsa mai kaifi ce: daga 'yan maikro'amfa kaɗan ya riga ya kusa boltej ɗinsa, kuma daga nan da ƙyar yake motsi. Na 3.3 kuwa gwiwarsa zagayayya ce, a hankali yake hawa, har a miliamfa ɗaya yana iya nuna maka ƙasa da bolt 3 sosai. Mutane da yawa kan ce jabu aka sayar musu. Sau da yawa diyod ɗin gaskiya ne, sun dai ba shi miliamfa ɗaya ne alhali a 76 aka yi alkawarinsa. Wannan laushin gwiwa halin Zener masu ƙaramin boltej ne, kuma shi ya sa ba na son dogara da su inda ake bukatar boltej tsayayye a kwarara kaɗan.

A masu zaftarewa kuma, kana iya ganin lambar ƙarshe ta mita na rawa a ƙananan kwarara daf da gwiwa. Hayaniyar zaftarewar ce, takan lafa idan ka ƙara kwarara. Darasin shi ne kada a tsara wa Zener zama a bakin gwiwarsa.

Yanzu yankin aiki. Saka om 100. Ga 1N4733A, miliamfa 49 na nufin bolt 4.9 a kan rezista, saflai kuma wajen bolt 10. Ɗauki 20, da 30, da 49, da 60, da 80. A 80 rezistar na ɗauke da wat 0.64, za ta yi zafi, kada ka daɗe. Awon da ka samu a 49 shi kaɗai ne za ka kwatanta da lambar jikin diyod. Idan ya faɗa tsakanin 4.85 da 5.36, kamfani ya cika alkawari.

Ka zana duka a takarda ɗaya, boltej a kwance, kwarara a tsaye, gaba a sama ta dama, baya a ƙasa ta hagu. Sai dai ka ba kowane ɓangare ma'auninsa, domin gaba ba ta kai bolt ɗaya ba, baya kuwa ta wuce biyar.

Turjiyar ciki

Layin yankin aiki a ido kamar a tsaye yake cak, amma yana da ɗan kishingiɗa, kuma wannan kishingiɗar ita ce ma'aunin nagartar Zener. Takarda na kiranta Zzt. Ana samunta ta raba canjin boltej da canjin kwarara. Ga 1N4733A kada ta wuce om 7 a miliamfa 49, amma a miliamfa 1, kusa da gwiwa, an yarda ta kai om 550. Dubi wannan rata da kyau: diyod ɗaya ne, kwarara kawai ta sauya. A dangin nan 1N4735A mai bolt 6.2 ne ya fi tsayuwa, om 2 kacal a miliamfa 41.

Aunawa na da wuya da mitar gida. Canjin miliamfa goma a om 4 milibolt 40 ne kawai, mita mai lambobi uku da rabi kuwa a zangon bolt 20 tana tsalle ne da milibolt goma-goma. Kuskuren lamba ɗaya ya ci kwatan sakamakonka.

Ga yadda nake yi. Samu sabon batir na bolt 9 da rezista mai juyawa ta kilo'om 10, irin wadda ake kira bolum. Haɗa ƙafafunta biyu na gefe da batir, baƙin batir kuma da anod ɗin Zener. Saka mita tsakanin ƙafar tsakiya ta bolum da katod. Kai kwarara miliamfa 44, ka juya bolum har mita ta kusa sifili, sannan ka sauko da ita zangon milibolt 200 ka rubuta abin da ta nuna. Kai kwarara 54 ka sake karantawa. A ce bambancin milibolt 35 ne: raba da miliamfa 10, om 3.5 ke nan. Ka cire babban boltej daga lissafi, ka bar mita da ɗan canjin kaɗai, inda idonta ya fi kaifi. Ga Zener na 12 sai ka jera batira biyu.

Kamfanoni ba haka suke yi ba. Sukan ɗora 'yar wuta mai kai-komo, kashi goma cikin ɗari na kwararar gwaji, a kan tsayayyar kwarara, su auna rawar boltej. Dalilinsu zafi ne.

Zafi

Takardun bayanai a digiri 25 ake rubuta su. Shagon gyara mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ya wuce haka nesa, cikin akwatin inbata kuma ya fi shagon. Don haka ka rubuta zafin ɗaki a saman takardar awonka.

Gwaji mai sauƙi: bar Zener a tsayayyar kwarara, mita a tsarin bolum ɗin nan, ka kawo bakin ƙarfen dalma kusa da jikinsa ba tare da ka taɓa ba. Na 3.3 boltej ɗinsa zai sauka. Na 12 zai hau, wajen milibolt 8 a kowane digiri. Na 5.1 ko 5.6 da ƙyar zai motsa, domin hanyoyin ɓallewa biyun na jan juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta gaba kuwa kowane diyod ɗin silikon sauka yake da kusan milibolt 2 a digiri. Da wannan aka yi dabarar dangin 1N821 zuwa 1N829 masu bolt 6.2: an jera Zener mai hawa kaɗan da diyod ɗin gaba mai sauka a cikin jiki ɗaya, suka share juna a miliamfa 7.5.

Diyod kuma na ɗumama kansa. Ƙara wa na 12 miliamfa goma, ka ƙara masa wat 0.12, wanda zai iya ɗaga zafin cikinsa da digiri goma ko fiye. Wannan kaɗai milibolt 80 ne zuwa sama, alhali turjiyarsa ta om 9 ba za ta ba da fiye da milibolt 90 ba. Idan ka jira lamba ta zauna, zafi ka auna tare da turjiya. Saboda haka awo biyu ne da manufa biyu. In turjiyar ciki kake nema don kwatanta da takarda, ka karanta nan take bayan ka sauya kwarara. In kana so ka san yadda zai yi a cikin na'ura, ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya zauna. Ka rubuta wanda ka yi. Ka tuna kuma wat ɗayan nan ma da sharaɗi: takardun dangin 1N47 da yawa sun ce har zuwa digiri 50 ne, sama da haka ana rage kusan miliwat 6.7 a kowane digiri.

Ganin layin gaba ɗaya a osiloskof

Wanda ke da osiloskof mai tasha biyu, wato na'urar da ke zana boltej a kan allo, zai iya ganin gaba da baya a lokaci guda. Ana bukatar ƙaramar tiransifoma mai fitar da bolt 12, wadda ƙololuwar wutarta ke kai wa wajen 17, da rezistar kilo'om 1. Waya ɗaya ta tiransifoma ta tafi anod, katod ya haɗu da rezista, ɗaya ƙafar rezistar ta koma ɗaya wayar. Maƙallan ƙasa na osiloskof duka biyu su tafi wuri ɗaya, mahaɗar katod da rezista, domin a cikin na'urar haɗe suke, kuma in ka raba su ka yi shot. Tasha ta ɗaya a anod, ta biyu a ƙafar rezista ta nesa. Saka XY, tasoshin a DC, ka kifar da ta biyu. Za ka ga layi ya miƙe sama a wajen 0.7 ta dama, ya kwanta a tsakiya, ya faɗa ƙasa a boltej ɗin Zener ta hagu, kowane bolt a tsaye miliamfa ɗaya.

Ɓangaren bolt 12 na tiransifoma kada ya taɓa ƙasa ko jikin wata na'ura, ɓangaren wutar gida kuma a rufe shi ruf kafin a kunna. Wannan hoton bai kai awon mita daidaito ba, amma wajen tace tarin diyod babu kamarsa: mai shot layi ne a tsaye, wanda ya yanke layi ne a kwance, mai yoyo kuma tsakiyarsa a karkace take, kamar na cajar yaron nan.

Amfani da layin da ka zana

A ce kana son bolt 5.1 daga batir ɗin sola na bolt 12, kayan da za ka ciyar kuma na cin miliamfa 20. Batir ɗin kan sauka 11 idan ya gaji, ya hau 14.4 idan yana caji. Ka duba layinka ka ga inda gwiwa ta ƙare, a ce miliamfa 5. To a bolt 11 dole rezista ta wuce da 25: cire 5.1 daga 11, ka raba 5.9 da 0.025, om 236. Mafi kusa ta ƙasa ita ce 220, wadda za ta bar wa Zener kusan miliamfa 7. A ɗaya ƙarshen, batir na 14.4 kuma an cire kaya, duk miliamfa 42 za su bi ta Zener: wat 0.22 a kansa, 0.39 a kan rezista, don haka rezistar ta zama mai wat ɗaya.

Yanzu ka ɗora yatsa kan layinka a miliamfa 7, ka ɗora wani a 42, ka karanta boltej biyun. Ratar da ke tsakaninsu ita ce rawar da kayanka za su sha tsakanin dare da rana. Idan za su iya jure ta, ka liƙa. Idan ba za su iya ba, ka rage rezistar don Zener ya ƙara nisa da gwiwa, ka sake lissafin zafin, ko ka koma ga TL431 ko 7805, waɗanda ke riƙe boltej da ƙarfi fiye da Zener shi kaɗai.